Ariyawa a Indiya: baƙi ne ko 'yan gida?

Usman: Assalamu alaikum jama'a. Shekarata uku ina karatu a Indiya, kuma abokaina na can sun dage cewa zancen wai Ariyawa, mutanen dā masu magana da harshen Sanskrit, daga waje suka shigo ƙirƙirar Turawan mulkin mallaka ce, don a raba kan 'yan arewa da 'yan kudancin Indiya. Ni dai na gamsu. A 2019 an fitar da sakamakon gwajin ƙasusuwan wata mata da aka tono a Rakhigarhi, wani tsohon birni a arewacin Indiya, ba a samu ko ɗigon jinin makiyayan filayen Rasha, waɗanda ake cewa su ne asalin Ariyawa, a jikinta ba. To ina baƙin suke?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Usman, rabin maganarka gaskiya ce. A 1947 masanin tonon kayan tarihi Mortimer Wheeler ya dogara da wasu ƙwarangwal na Mohenjo-daro, tsohon birni a bakin kogin Indus, ya ce mahara ne suka yi wa garin kisan kiyashi. A 1964 wani masanin, George Dales, ya nuna mutanen nan ba ma lokaci guda suka mutu ba. Zancen mamaya da takobi ya faɗi tuntuni. Amma mamaya daban, ƙaura daban.

Anti Binta: Ƙanina, matar nan da ka kawo shaida, ai kai take ƙaryatawa. Ta rayu ne zamanin da biranen kogin Indus ke tashe, tsakanin 2600 zuwa 1900 kafin Miladiyya ake lissafa ganiyarsu. Ita ba ta da jinin makiyayan, amma Indiyawan yau suna da shi, musamman 'yan arewa. In ka ɗanɗana ruwan randa da safe babu kanwa, da yamma ka ji kanwa, ai ka san a tsakani aka zuba. A shekarar nan dai ta 2019 mujallar Science ta buga binciken ƙwayoyin halittar mutanen dā 523, aka ga jinin ya iso yankin tsakanin 2000 zuwa 1500 kafin Miladiyya. Gawarwakin kwarin Swat na Pakistan, waɗanda suka zo daga baya, suna ɗauke da shi.

Usman: Anti, jini ba ya magana. Wa ya ce da Sanskrit suka zo? Kuma a 2018 an tono keken yaƙi a Sinauli, cikin Indiya.

Malam Sani: Na ga hotunansa, kuma abin sha'awa ne. Sai dai ka duba ƙafarsa: katako ne curi guda. Keken da littafin Rigveda, tsofaffin waƙoƙin addini na Sanskrit, ke wasawa doki ke jansa, ƙafarsa mai sanduna a tsakiya ce, mara nauyi. Irinsa mafi daɗewa a Sintashta aka samu, gabas da kudancin duwatsun Ural na Rasha, wajen 2000 kafin Miladiyya, an binne shi tare da dawaki. Ka koma ga hatiman Indus kuma, za ka ga bijimi mai tozo, giwa, damisa, karkanda. Doki fa? Babu. Mutanen da waƙoƙinsu ke cike da doki ba za su manta da shi a hatimi ba.

Abin da ya fi kama ni ma ba a Indiya yake ba. A Hattusa, cikin Turkiyya ta yau, an samu yarjejeniyar Hittiyawa da masarautar Mitanni ta ƙarni na 14 kafin Miladiyya, an rantse a cikinta da Mitra, Varuna, Indra da Nasatya, gumakan Rigveda sak. Wani mai horar da dawaki ɗan Mitanni, Kikkuli, yana ƙirga zagayen sukuwa da aika, tera, panza, satta, wato ɗaya, uku, biyar, bakwai. Usman, kai da kake cewa panch da saat (biyar da bakwai da Hindi) a kasuwa, kunnenka zai gane su.

Habu: Allah gafarta Malam, wannan ai zai iya nuna daga Indiya suka fita zuwa can.

Anti Binta: Da haka ne, Habu, da an ga jinin tsofaffin mazauna Indiya a kaburburan Sintashta. Babu shi. Sawun shiga ake gani, ba na fita ba.

Usman: Na karɓi zancen doki, Malam, ban da amsarsa. Amma har yau ba wanda ya karanta rubutun Indus. In ranar da aka karanta shi ya fito Sanskrit fa?

Malam Sani: Ranar nan ni zan fara sauya magana, a nan cikin zauren.