Tumatir da kuɓewa: 'ya'yan itace ne ko kayan lambu?

Mai Rani: Assalamu alaikum. Littafin kimiyya ya sa tumatir, kuɓewa da tattasai cikin 'ya'yan itace, alhali a kasuwa kayan miya ne. Da me ake rarrabewa? Kuma sanin hakan zai amfani manomi?

Malamar Tsirrai: Wa alaikumus salam. Abin dubawa shi ne daga inda abin ya fito. A gindin fure akwai 'yar mahaifa. In barbara ta kama, sai ta kumbura ta lulluɓe irin a ciki. Duk abin da ya samu ta haka ɗa ne a ilimin tsirrai, ko da zaƙi ko babu. Tumatir, kuɓewa, attarugu, yalo da kabewa duk sun shiga. Har gyaɗa, domin furenta a sama yake, daga baya tsinken ya sunkuya ya shige ƙasa, kwanson ya ƙosa a can. Shi kuwa "kayan lambu" sunan kasuwa ne da tukunya: alayyahu ganye, karas saiwa, albasa gindin ganye ne mai kauri. Zoɓo yana ruɗa mutane. Jan da ake jiƙawa rigar gindin fure ce, ainihin ɗan shi ne ƙwallon ciki mai iri.

Ɗan Fadama: Malam, amfanin yana wurin taki. Alayyahu da latas ganye ake nema, yuriya tana musu kyau. In ka cika wa tumatir yuriya, zai yi duhun ganye, fure kaɗan. Da ya fara fure sai a rage ta, a koma takin da ke da fotash. Zafin rana ma in ya haura digiri 35 fure yakan kakkaɓe, shi ya sa dashen sanyi ya fi albarka. Kabewa kuma furen namiji daban, na mace daban. Na macen ne ke da ɗan ƙullutu a gindi. Feshin maganin ƙwari da safe yana kashe ƙudan zuman da ke yin barbarar, sai ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi. A yi feshin da yamma. Kuɓewa a tsinke ta kwana 4 zuwa 6 bayan fure, kafin ta yi tauri.

Abu Hanan: Gardamar ta taɓa kaiwa Kotun Ƙolin Amurka a 1893, kan harajin shigo da kaya. Alƙalai sun yarda cewa a kimiyya tumatir ɗa ne, amma suka bar shi a kayan lambu saboda da abinci ake cinsa.