Shin cika ƙarƙashin daɓen jirgin faiba da soso yana hana shi nutsewa?

Alhaji Bala: Jama'a, ni a wurina magana ta ƙare. Jirgin faiba mai ciki biyu, wato katamaran, in aka ɗura masa soso, wato wani kumfan roba mara nauyi mai daskarewa, a ƙarƙashin daɓe har ya cika, ko an huda shi ba zai nutse ba. A 1961 Dick Fisher na Boston Whaler, kamfanin ƙera jiragen ruwa a Amurka, yana zaune cikin jirginsa aka raba shi biyu da zarto, mujallar Life ta buga hoton, jirgin bai nutse ba.

Usman mai gyara: Ranka ya daɗe, wancan jirgin ciki ɗaya ne, kuma sosonsa busasshe. Ka zo ka ga wanda ya shekara goma a ruwa. Soson da ake zubawa ya kumbura, in ya daɗe yana shan duka, ƙwayoyinsa suna fashewa ya riƙa shan ruwa. Ta ina ruwan ke shiga? Ta ramin kowane noti da aka ɗaura kujera ko tankin mai ba a toshe da gam ba. Ya shiga, ba shi da mafita. Sai ka yanka daɓe ka tarar soson ya jiƙe sharkaf, fulawud ɗin haƙarƙarin jirgin ya ruɓe kamar dafaffen rogo.

Alhaji Bala: To laifin mai haɗawa ne, ba na soso ba.

Usman mai gyara: Ko na wa ne, kai ke ɗauke da nauyin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce.

Injiniya Hadiza: Malam Usman ya taɓo inda ke da ciwo. Cikkunan katamaran sirara ne, nauyi kaɗan ke danna su ƙasa. In sun dannu, rufin ramin da ke tsakaninsu ya kusanci ruwa, igiyar ruwa ta riƙa dukansa. A wannan wurin ne ake haɗa ɓangarorin biyu, shi ke ɗaukar murɗawar da ake samu in ciki ɗaya ya hau igiya ɗaya ya faɗa kwari. Tsagewa daga nan take farawa. Sannan Alhaji, dokar Amurka da ta wajabta abin hana nutsewa ta shafi jirage masu ciki ɗaya ne da ba su kai ƙafa 20 ba. Katamaran ba ya cikinta, kada ka ɗauka kowanne yana da shi.

Garba Yauri: Mu da muke neman barin na katako saboda haɗurra a kogin Neja, ashe faibar ma da katako a cikinta?

Injiniya Hadiza: Da yawa akwai, Malam Garba, a daɓe da bangon baya inda ake rataya inji. Yanzu wasu sun koma allunan roba irin su Coosa da Divinycell, ba sa ruɓewa, sai dai tsada.

Usman mai gyara: Ni na fi son dabarar mutanen Afirka ta Kudu. Robobin da aka rufe bakinsu gam suke jerawa ƙarƙashin daɓe. Ruwa ya shiga ya bi tsakaninsu ya gangara baya, ka cire toshiya ya zube.

Alhaji Bala: Robobi ba sa ƙara wa jirgi ƙarfi, ba sa rage ƙara. Soso yana yi. Ban sauka daga bakana ba, a dai sa mai kyau a like ko'ina.

Garba Yauri: Ni da zan sayi na hannu fa, yaya zan gane?

Usman mai gyara: Ka taka daɓen ko'ina, in ya lotsa akwai matsala. Ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, wuri mai lafiya yana amsawa tas, ruɓaɓɓe yana amsawa dum. In da hali ka ɗora shi a sikeli ka gwada da nauyin da kamfani ya rubuta. Kuma ka duba ko ɓangare ɗaya ya fi zama cikin ruwa.