Tambaya ga masu gyaran tsofaffin Peugeot

Assalamu alaikum, iyayen gida. Maigidanmu da ya koya mana gyaran tsofaffin motoci a nan Kano ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Ya bar wata 504 haɗin Kaduna, mai kafireta Solex, bai ƙarasa ta ba, magada kuma suna jira.

Da sanyi bugu ɗaya take tashi, silo (aikin inji ba a taka totur ba) lafiya lau. Da inji ya ɗauki zafi sai ta fara shaƙewa ta mutu, ba ta sake tashi sai ta huce. An canja kwayil, kwandansa da fulogi, an saita tazarar kwantak a milimita 0.40, bawul kuma 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Lagireto ba ya tafasa. In ta mutu akwai wuta a fulogi, amma kofin kafireta kusan a bushe.

Zargina famfon mai ne, ko fetur ke tafasa a tiyo. Sai dai marigayin ya naɗe wani bututu da ƙyallen hana zafi, ba mu san dalilinsa ba. Yaya ake bambance biyun kafin a sayo famfo a kasuwar Ƙofar Ruwa? Famfunan yanzu ba duka ke da ƙwari ba.