Musayar Waƙa: Dokokin Hana Ƙwallo a Garuruwan Amurka na Dauri

Malam Ɗanbirni:
Bismillah. Amsa-amon yau "ri" ne. Na buɗe da Boston, tun tana hannun Ingila.

A 1657 mahukuntan Boston,
Suka zauna kan wani al'amari.
Ƙorafi ya yi yawa a gabansu,
Kan tamaular yara da samari.
Ana buga ta a titi da lungu,
Ba fili, ba layi, ba tsari.
Mai wucewa bai san hawa ba,
A banke shi ƙasa cikin sauri.
Sule ashirin suka yanke tara,
Fam guda cur, kuma babu uzuri.

Ƙanwar Sha'irai:
Malam, ka tsallake na farko,
Bari ƙanwarka ta yi maka ƙari.
Ran Kirsimeti, 1621, a Plymouth,
Gwamna Bradford ne mai gari.
Baƙi suka ce ba su fita aiki,
Ranar idi ce a wurinsu tun dauri.
Da rana tsaka ya dawo ya tarar,
Suna wasan kujera a sarari.
Mai jifa ya auna kujera da ƙwallo,
Mai tsaronta ya kore shi da mari.
Ya ƙwace kayan, ya ce in ibada ce,
A yi ta a ɗaki, ban da titin gari.

Amma wannan umarnin baki ne, Malam, ba a rubuta shi doka ba.

Baba Mai Nazari:
Madalla 'yata. Ku zo mu leƙa yankin da Holan ke mulka a Amurka.

Fort Orange, wadda ke Albany yau,
Disambar 1659, ana tsakar ɗari.
Kolf suke yi, sanda mai kan dalma,
Da ƙaramin ƙwallo mai tauri.
Bugu ya kauce, taga ta tarwatse,
Ko ƙaurin mutum ya shiga hatsari.
Gilda 25, kuɗin Holan, kan kowane ɗan wasa,
In an kama shi a titin gari.
Kada ku ga kamar an yi tsanani,
Gilashi a lokacin shi ne jari.
Jirgin ruwa ke ɗauko shi daga Turai,
Ƙananan yanka, dalma ta riƙe jeri.
In ɗaya ya fashe, hunturu ya shigo,
Sai jiran jirgi da dogon haƙuri.

Yaya Sarkin Baiti:
Baba, a gafarce ni, zan ɗan haura zamanin mallaka, don wadda ta fi su hikima bayan 'yanci ta zo.

Pittsfield ta Masacuset, 1791,
Sun gina ɗakin taro na marmari.
Bulfinch ne ya zana ginin nan,
Tagoginsa sababbi, sun sha shiri.
Ba su ce a daina wasa ba sam,
Awo suka yi, suka ware wuri.
Yadi 80 daga jikin ginin,
Wajen mita 73 in ka yi nazari.
Cikin da'irar nan ba kurket,
Ba tamaula, ba besbol, ba wani iri.
Ka wuce iyakar, buga abinka,
Wannan ita ce doka mai tasiri.
Sule biyar ne a kan mai laifi,
In yaro ne, uba ya sha ɗawainiyar sharri.
Ko ubangida, ko mai riƙonsa,
Shi zai biya, ba batun inkari.
Kuɗin kuma na wanda ya kai ƙara ne,
Maƙwabci ya zama ɗan sintiri.
A 2004 masanin tarihi John Thorn ya bi sawunta,
Aka zaƙulo ta cikin tsohon daftari.
Sunan besbol na nan a rubuce,
Cikin mafi tsufa a ƙasar, ba kirari.

Ƙanwar Sha'irai:
Yaya, baitin mai kai ƙara ya tsaya mini,
Nan ne dokar ta samu ƙwari.
Gari ƙarami ba 'yan doka birjik,
Idon maƙwabci ya fi ɗauri.

Malam Ɗanbirni:
Allah ya ƙara basira. Saura dokar Lahadi ta Gwamna Stuyvesant na yankin Holan, ta 1656, wadda ta hana ƙwallo lokacin huɗubar coci. Baba, kai za ka buɗe mana ita gobe, amsa-amo "wa".