Haɗa kwafin agogon Rolex Submariner a gida: har a kasa bambancewa?

Ɗanlami: Jama'a, ni dai ina kan bakana. Da injin Seiko NH35, gidan agogo na ƙarfen 316L marar tsatsa, gilashin safaya da zoben yumɓu (seramik) mai zagaye gilashin, irin waɗanda ake odarsu daga China, mai haƙuri zai haɗa agogon da ko a hannu ba a raba shi da Rolex Submariner. Mai ja ya zo.

Malam Habu mai gyara: Ɗanlami, hannun sakan kaɗai ya isa ya tona maka asiri. NH35 yana bugu 21,600 a awa, wato taku shida a sakan. Injin Rolex 3235 yana yin 28,800, taku takwas. A jera su, naka zai riƙa ɗan tsalle, nasu yana sulalewa. In ka ajiye naka, awa 41 ya mutu, nasu sai ya kai 70. Seiko da kansu sun ce injin zai iya makara da sakan 20 ko ya yi gaggawa da 40 a rana, Rolex kuwa sakan biyu suka yi alkawari.

Ɗanlami: Wannan ai a takarda ne, Malam. A ɗora shi kan na'urar auna bugu, a saita ta a kusurwar da ta dace da NH35, wato digiri 53, a taɓa sandar saita gudun injin kaɗan-kaɗan, kuskurensa yakan dawo ƙasa da sakan goma a rana. Mai son taku takwas kuma ya sayi injin PT5000 ko Sellita SW200, duk tsarin injin ETA 2824 ne.

Malam Habu mai gyara: To ka shigo gonata. Da ka canza inji, ka canza komai. Faɗin NH35 milimita 27.4 ne, 2824 kuwa 25.6, kaurinsu ma 5.32 da 4.6, don haka tsinken kan saiti, wato maɓallin gefe da ake murzawa a saita lokaci, ba zai faɗa daidai ramin gidan ba. Ramin hannun sakan na Seiko wajen 0.20 ne, na ETA 0.25. Ƙafafun da ke riƙe fuskar agogo a jikin inji ma ba wuri ɗaya suke ba. Sannan 2824 ba ya yafiya: in za ka zare tsinke ka danna maɓallin sakinsa ya zarce, kayan saiti sun goce, sai an cire hannaye da fuska kafin a mayar da su. Sabon shiga ya tsaya ga NH35 tukuna.

Hajiya Turai: Ku biyun kun tsaya kan inji, alhali wurin ɗora hannaye ake ɓarna. Fuskar milimita 28.5 takan zo da ƙafa huɗu, a yanke biyun da ba su dace da kan saitin da ke daidai lamba 3 ba, a goge gindinsu da magagari, in ba haka ba su karce faifan kwanan wata. A juya saiti sannu a hankali har kwanan wata ya tsallaka, a tsaya cak, nan ne sha biyun dare. Sai a danna hannun awa a kan 12, na minti ya biyo. A duba ta gefe da gilashin ido, kowanne ya kwanta sambal, sannan a zagaya da su awa goma sha biyu a ga ko suna gogar juna. Na sakan shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mugu: bakin da yake hawa siriri ne, in aka danna a karkace ya lanƙwashe, agogo ya tsaya.

Tsinken saiti yakan zo da tsawo. A auna, a yanke da filaya a bar rarar milimita ɗaya, a ci sauran da magagari ana gwadawa. Wanda ya gaza tsawo ya tashi aiki, don haka a sayi biyu ko uku. In ya yi daidai a ɗiga gam ɗin Loctite kaɗan.

Ɗanlami: Hajiya, kin goyi bayana ke nan, tunda ga shi yana haɗuwa.

Hajiya Turai: Haɗuwa daban, kama daban. Ƙullutun gilashin Rolex da ke kan tagar kwanan wata yana ƙara girman lamba ninki biyu da rabi, na kasuwa sau da yawa ba ya kaiwa, ko ya zauna gefe da tagar. Ga ƙura. Da hunturu a Kano, kafin ka rufe gida wata ta sauka a fuska. A rufe taga, a kashe fanka, a sa robar yatsu, a hura da famfon roba, a ɗauke saura da Rodico, wato ɗankon goge ƙura na masu gyaran agogo. Kar a hura da baki.

Baban Ilham: Batun ruwa fa? Submariner yana jure ruwa har zurfin mita 300, kan saitinsa na Triplock ne, wato tsarin Rolex na tare ruwa. Rubutun da ke kan fuskar da ka sayo ba shi ke tare ruwa ba. Sai an shafa wa robobin giris na silikon, an ɗaure murfin baya da kyau, an kuma sa shi a na'urar gwajin matsi. Wanda bai yi gwajin ba, to ya cire agogon ko da alwala zai yi.

Amma ni abin da na fi ja a kai tambari ne. Fuska mai kambin Rolex jabu ce, ranar da ta bar hannunka kuma wani za a cuta da ita, algus ke nan. Akwai fuskokin da ba su da suna, akwai masu buga maka naka sunan.

Ɗanlami: Tambarin na bar muku, Alhaji. Amma a tazarar taku biyu, babu mai ganewa.

Malam Habu mai gyara: Da farko "ko a hannu" ka ce, yanzu mun koma taku biyu. Kawo shi shago in ka gama, mu auna kaurinsa tukuna.