Musayar Waƙa: Askin Mangwaro a Lambun Gado

Mai lambu daga Zariya

Assalamu alaikum. Mahaifina ya bar mini lambu a bakin rafin Kubanni, mai mangwaro 14 da 'yan itatuwan gwaiba da lemo, kuma tsawon rayuwarsa bai taɓa zuba masa takin zamani ko maganin feshi na kanti ba. Ga damuwata a waƙe, ina roƙon manya su amsa da amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake buɗe batuna,
Mai raya ƙasa bayan bushewa.

Itatuwan da Baba ya dasa da hannunsa
Sun haɗe kai, har rana ba ta ratsawa.

A bazarar da ta wuce kwando shida na samu,
Inda a da ashirin muke cikawa.

Na wasa adda, na tsaya a gindinsu,
Sai hannuna ya ƙi yarda da sarewa.

Ga hunturu ya shigo, fure ya fara,
Iyayena, shin yanzu ne lokacin datsewa?

Dattijo mai garka daga Maraɗi

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa lambun ya zame masa sadaka mai gudana.

Ɗana, ka rataye addarka tukuna,
Wanda ya sare fure, 'ya'ya yake zubarwa.

Furen Disamba da Janairu da kake gani
Shi ne kwandunan da Afrilu ke cikawa.

Ka bari sai an tsinke na ƙarshe a reshe,
Sa'ad da hadarin farko yake tasowa.

A sannan itace ke da ƙarfin yin toho,
Kuma a bakin wannan toho fure ke fitowa.

Ka fara da busasshe da mai ɗauke da cuta,
Sai masu gugar juna in iska na kaɗawa.

Ka buɗe tsakiya kamar bakin ƙwarya,
Domin hantsi ya sami hanyar shigowa.

Da zarto ake yi, a karkace, dab da gaɓa,
Adda tana tsaga reshe, ruwa ya sami wurin kwantawa.

Kada ka wuce kashi ɗaya cikin huɗu a shekara,
Domin tsohon itace ba ya son gaggawa.

Uwargida mai lambu daga Bagauda

Baba, ina gaisuwa. Zan ƙara da maganar ƙudan nan mai sa tsutsa a mangwaro, wanda a nahiyar Afirka aka fara ganinsa a Kenya a 2003 kafin ya bazu har ya iso lambunanmu, domin shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Baba, na karɓi duk abin da ka faɗa,
Sai dai kauci ba a yi masa jinkirtawa.

Tsuntsu ke liƙa irinsa a kan reshe,
Ya kafu a ciki, ruwan itacen yake shanyewa.

In ganyensa kawai ka fizge, zai dawo,
Sai an yanke reshen ƙasa da inda yake kamawa.

Ƙanena, 'ya'yan da suka faɗo da tsutsa,
Kada ka bar su a gindi suna ruɓewa.

Daga nan tsutsar ke shiga ƙasa ta zama ƙuda,
Ni rami mai zurfin rabin mita nake haƙawa.

In binne su duka, in danne da ƙafata,
Kullum da safe 'ya'yana ke tsincewa.

'Ya'yan darbejiya nake dakawa in jiƙa su kwana,
In tace da ƙyalle, da yamma nake fesawa.

Amma ban da lokacin da fure ya buɗe,
Don kada in kori ƙudan zuma masu ziyartowa.

Ruɓaɓɓen kashin shanu da toka ne takina,
A bakin inuwa, nesa da gindi, nake zubawa.

Dattijo mai garka daga Maraɗi

'Yata, kin tuna mini abin da na manta,
Kauci ko a tsakiyar fure ana cirewa.

Ɗana, in akwai mai aure a cikinsu,
Ka duba tohon da ke ƙasan gaɓar haɗawa.

Wannan na uwar gindi ne, ka cire shi da wuri,
In ya yi ƙarfi, reshen auren yake dannewa.

Mai lambu daga Zariya

Baba da Yaya, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan sallar asuba na jingina tsani na hau.

Na sami kauci a kan itatuwa uku,
Na yanke shi da zarto kafin rana ta yi ɗagawa.

Sauran askin na bar shi sai watan Yuni,
Na shafa farar ƙasa a rassan da zan ragewa.

Can sama, a babban reshen na bakin rijiya,
Na ga tabon zarto, ɓawo ya gama rufewa.

Yankan mahaifina ne, a karkace, dab da gaɓa,
Na daɗe hannuna a kansa kafin saukowa.