Tarin fuka a fata: wane suna za mu ba shi?

1/ Jama'a, ku taya ni neman suna. Ƙwayar da ke haddasa tarin fuka ba a huhu kaɗai take zama ba, takan kama fata. A yara sau da yawa daga kaluluwar wuya take farawa: ta kumbura ba zafi, ta yi laushi, ta fashe tana tsiyayar ruwa, wata da watanni ba ta rufe ba.

2/ Masu fassara kan ce "tarin fuka na fata". Ni dai sunan bai kwanta mini ba. Ka ce wa uwa ɗanta yana da tari, alhali ko sau ɗaya ba ta ji ya yi tari ba. Za ta ce "to, likita" cikin ladabi, ta goya ɗanta ta nufi wajen wanzami a tsaga wurin. Sunan da muka faɗa mata ne ya kore ta, kuma abin yana ci mini rai.

3/ Wani ya ce a kira shi maruru. A'a, maruru kwana kaɗan yake yi ya nuna ya fashe ya warke. Gyambo ya fi kusa, sai dai ya yi faɗi, kowane tsohon miki gyambo ne. Kuturta kuwa kada ma a fara. Ƙwayoyin biyu dangin juna ne, amma cutar daban, ga ƙyamar da za a jawo wa yaro a unguwa.

4/ Abin da na tsaya a kai: tibin fata. Kalmar tibi, wato TB, sunan cutar a Turance, ta riga ta zauna a bakin mutane, kuma babu tari a cikinta. Wanda ya fashe a wuya, a ce gyambon tibi.

5/ Sunan zai sauƙaƙa bayani. Za a ɗebi ɗan nama daga mikin a duba, ko a gwada ruwansa da na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tibi, a yi gwajin Mantoux, wato 'yar allurar gwaji a fatar hannu, a karanta bayan awa 48 zuwa 72, a ɗauki hoton ƙirji. Magani irin na tibin huhu ne: wata 2 ana shan haɗin magungunan farko, wata 4 ana shan rifamfisin da aisoniyazid, kyauta a cibiyoyin tibi na gwamnati a Najeriya. Fitsarin yaro zai yi ja-ja, ba komai, rifamfisin ne. Mikin kan kame tun maganin bai ƙare ba, nan ne iyaye ke dainawa. Wadda aka ce wa tibi ne ta san wata 6 ne cur.

6/ Tarin yana da gurbinsa, amma a tambaya: wa ke tari a gidan? Yawanci daga babba yaron ya ɗauka, babban ma a kawo shi a duba.

7/ 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, idan an ce tibi a wajenku ana ganewa, ko kuna da taku kalmar?